Lamba Tara a Littafin Injin Ruwa

Ni mutum ne mai son tsari. Da aka ba ni kula da injin ruwa a Gashuwa, na hana dogon bayani a littafin aiki. Kowace matsala na ba ta lamba, takardar fassarar kuma tana aljihuna.

Ranar da zan tafi biki Nguru na rubuta tara, wato babu baƙin mai, kada a tayar. Har layi na ja da rula.

Bukar, mai karɓata a aiki, ya duba littafin ya tayar. Injin ya ƙone, unguwa ta koma rijiya.

"Malam, na ga tara," in ji shi. "Taran me?"

Har yau in na ɗaure fuska, matata takan ce, "Malam, lamba nawa ke nan? A fassara mana kafin wani abu ya ƙone."