Dutsen da na motsa a carafke

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yar shekara shida ta kama ni ina maguɗi. Lokacin ina watan gwaji a wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma ran nan diraktiris, shugabar makarantar, za ta shiga ajina ta yanke ko a riƙe ni ko a sallame ni.

Ni kuwa da carafke nake taƙama. Da ita na koya wa yaran jiran layi da haƙuri in an faɗi. Dokarmu ɗaya ce: in ka wurga dutsenka sama, wajen kwasar na ƙasa ka motsa wani, kai da bakinka za ka ce "na taɓa", ka miƙa wa na kusa. Kullum sai na yi musu wa'azi a kan wannan.

Diraktiris ta zauna da littafinta, yara suka ce Madam ma ta yi. Na tattare zane na durƙusa gaban Hadiza, 'yar shekara shidan nan. (A nan zan gaya muku gaskiya: tun ina yarinya a Tsibiri ba a taɓa cin ni a carafke ba, kuma ban shirya farawa a gaban shugabata ba.) Na kwashe ɗaya-ɗaya lafiya lau. A bibbiyu ɗan yatsana ya gogi wani dutse, ya ɗan gusa. Na yi mukus, na ci gaba abina.

Sai Hadiza ta dafa gwiwata, ta ce da muryar lallashin da ni na koya musu, "Madam, kunya kika ji? Ba komi. Taho mu hwaɗi tare."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ajin kaf suka ɗauka baki ɗaya, "Na taɓa!" Ni ma na faɗa, na miƙa mata duwatsun. Suka tafa mini kamar yadda ake wa duk wanda ya faɗi gaskiya. Diraktiris ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta na rawa.

Da aka tashi ta kira ni, na tafi ina jan ƙafa. Ta ce, "Litinin ki zo. Yaran sun iya darasin, saura malamarsu."

Har yau ina nan ajin. Na dai koyi cewa in ka kafa wa yara doka, kai ne na farko da za su sa wa ido. Carafke kuwa yanzu alƙalanci kawai nake yi.