Laccar Mutuwa a Zauren Alhaji

Ko zan manta da komai a duniya, ban da yammacin da mahaifin Bilkisu ya ce in zo Malumfashi, yana son ganina kafin in turo magabata. Na daɗe ina neman yarinyar nan, kuma wallahi ina sonta har cikin raina. Ita da kanta ta ja min kunne a waya: "Baba ba ya son surutu. Ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai, shi ke nan."

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, kuma akwai wani darasi da ya tafi da ni. Wai a cikin kowane mutum abu biyu ne ke kokawa: ɗaya na jan sa zuwa ga so da rayuwa, ɗaya na jan sa zuwa ga rushewa da mutuwa. (Na haddace shi tsaf, har abokaina sun fara gudu na.)

Kawu Sule ne ya raka ni daga Funtuwa. Muka tarar da Alhaji a zaure, buhunan masara jibge a bayansa, fuskar nan ba alamar wasa. Na cire takalmi na durƙusa. Bayan gaisuwa ya ce, "To yaro, me ka gani a wurin Bilkisu?"

Kaina ya ɗauke wuta. Duk abin da na shirya ya gudu, sai darasin nan kawai ya rage.

"Baba, ai masana sun ce so da mutuwa tare suke tafiya."

"Allah ya sa mu cika da imani," in ji Alhaji.

Ko yaro ya san haka ake cewa idan an ambaci mutuwa. Ni kuwa sai na ɗauka ya gamsu ne, na gyara zama. Na yi masa bayanin yadda masoyi ke son ya narke a cikin masoyiyarsa har ya rasa kansa, da yadda a ƙarƙashin kowace soyayya akwai ɓoyayyen marmarin hallaka abin da ake so. Kawu yana ta mintsini na a cinya. Ina ji, ina gani, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Wato kai idan ka so abu, hallaka shi kake yi?"

"Ba ni kaɗai ba, Baba. Kowa ma. Har kai da Hajiya."

Daga bayan ƙofa muka ji salati da ƙarar faɗuwar faranti. Ashe Hajiyar ce da kanta ta taho mana da fura. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji bai sake kallo na ba. Ya juya ga Kawu a natse ya ce, "Malam Sule, a kai shi a duba shi. Allah ya ba shi lafiya."

Muka iso Funtuwa. Da zan sauka daga mota ne Kawu ya ce, "Da ka yi shiru, da an ce kunya ce."

Bayan kaka aka ɗaura wa Bilkisu aure da wani mai sayar da taki a Kafur. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Masanan dai sun yi gaskiya, mutum kan rushe abin da ya fi so da hannunsa, sai dai ban so a ce ni ne misalin ba. Kai da ke shirin zuwa gaisuwa, in an tambaye ka me ka gani, ka ce "Tarbiyya, Baba," sannan ka kama bakinka.