Jan Furen Madam Saratu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na zama tauraron intanet ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Sana'ata renon itatuwa ce a nan Tawa. Ina da ɗan fili a bayan gida inda nake jera dashen mangwaro da gwaba da lemo da zogale cikin baƙaƙen ledoji. Da damina ana ciniki. Da bazara kuwa famfo sai ya ga dama yake zuwa, ganye ya yi yaushi, ni ma in yi yaushi tare da shi.

Ƙanwata da ke Yamai ce ta zuga ni. Ta ce mutanen yanzu da ido suke saye, in buɗe shafi in riƙa sa bidiyo, amma kada in kuskura in nuna waɗannan ledojin nawa masu kama da majinyata. In nemi kore shar in tsaya gabansa. (Ita ba ta taɓa dasa ko albasa ba, amma a harkar shawara ba a kama ƙafarta.)

Sai na hau moto, wato babur, ina yawon neman kore a garin da ko akuya ta fid da rai. Can bayan gari, ta wata kafar katanga da ta zube, na hango ja. Na kutsa cikin ƙaya da tumfafiya, sai ga wani fure mai yaɗo, irin wanda ake yi wa bangon otel ado da shi, ya yi jawur, gindinsa da laima, an kewaye shi da fararen duwatsu. Kusa da shi akwai wani dakalin siminti, ga wasu irinsa can gaba rairayi ya binne rabinsu. Na ce a raina, to, wani furoje ne, aikin raya ƙasa da aka fara aka watsar, irin waɗanda suka cika ƙasar nan. Mu dai a wurinmu ba a yi wa kabari siminti, ba a kuma dasa masa fure, don haka tunanin bai ko gilma mini ba. Daga baya na ji cewa masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe da tumɓuke alamun ƙarfen da ke nuna maƙabarta ce.

Na jingina salula a kan dutse, na haye dakalin da takalmina. Na yi wa jama'a sallama, na tsinko fure na maƙala a kunne, har da ɗan rausaya kafaɗa. Na ce wannan iri ne na musamman, duk aikin hannuna ne, sirrin kuma yana cikin takin da nake zubawa a ƙasa. Na maimaita maganar takin, don na ga ta yi daɗi a baki.

Bidiyon ya yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba. Aka yi ta turawa daga wannan zauren sada zumunta zuwa wancan, mutanen Kalfu da Bambeye suna kirana, har wani mai gidan saukar baƙi ya ce in kawo masa irinsa ya zagaye katangarsa. Na fara tafiya ina buɗe hannuwa. Matata ta tambaye ni ina na ɓoye wannan furen ba ta taɓa ganinsa ba, na ce mata sirrin kasuwanci ne.

Ana cikin haka wata ranar Lahadi da hantsi Madam Saratu ta yi sallama. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, Kirista, mutuniyar wajen Maraɗi, ita ke koyar da 'yata Nana. A lokacin ina tare da masu saye, ina ta zuba musu bayani kamar wanda ya ƙirƙiro ganye. Na tarbe ta da fara'a, ina cewa yau har Madam ta ga tallarmu. Ta ajiye wani bido, jarkar ruwa, da ke hannunta, ta gaishe da kowa, ta tambayi lafiyar Nana. Sannan ta ciro salularta ta kunna bidiyon, muryata ta cika filin.

"Baban Nana," in ji ta, "ka san bisa mi kaka tsaye nan?"

Na ce dakali ne, ina ɗan dariya.

"Kabrin ɗiyata na. Hannatu."

Ba ta ɗaga murya ba. Na so a ce ta ɗaga, ko ta zage ni, da na sami abin yi da fuskata. Salular kuma ba ta tsaya ba, tana ta yi, har aka zo wurin maganar taki, kowa yana ji. Ɗaya daga cikin masu sayen ya ajiye dashen da ya ɗauka, ya yi salati a hankali, ya fita. Sauran suka bi shi. Ni kuwa kunya ta kama ni.

Ta faɗa mini sauran a tsaye, don ta ƙi zama. Yarinyar da kanta ta dasa reshen furen a gwangwanin madara kafin ciwon ajali ya kwantar da ita. Bayan an binne ta uwar ta mayar da shi can, kowace Lahadi in ta fito majami'a sai ta kai masa ruwa. Yau ta je ta tarar da shi tsirara. Matasa sun gane wurin daga bidiyona, sun yi ta zuwa ɗaukar hoto, kowa ya karyi reshe ya tafi dasawa a gida, tunda na ce irin na musamman ne. Wani ma ya haƙa gindin ya kwashi ƙasar.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ƙona mini rai. Bakina na ɗan kasuwa ya riga hankalina, na ce zan samo mata wani kyauta, wanda ya fi wancan girma. Ta dube ni irin duban da take yi wa yaron da ya ba da amsar shirme a aji. Na ce to zan goge bidiyon yanzu-yanzu.

"Kak ka goge tukun," ta ce. "Ban taɓa ɗaukar hoton furen ga ba, na ɗauka kullum yana nan. Turo min shi. In ka iya, ka hidda kanka daga ciki."

Na wuni a kan wannan aiki. Na yanka nan, na yanka can, amma ko'ina ina tsakiya, da fure a kunne, baki buɗe. Abin da na iya tsamowa ɗan guntu ne na farko, kafin in shigo, furen shi kaɗai iska tana kaɗa shi. Bai kai tsawon numfashi biyu ba. Shi na tura mata, ta amsa da na gode, wannan godiyar kuma ta fi mari zafi.

Furen bai sake tohowa ba. Cikakken bidiyon kuwa har yau yana yawo a wayoyin mutane, ba ni da ikon kamo shi. Nana ta gama ajin Madam lafiya, ba a taɓa nuna mata komai ba, ni ne dai na daina zuwa taron iyaye.

Yanzu ledojina nake nunawa a shafi, da yaushinsu da komai. Kuma na koyi abu ɗaya: a garin nan, in ka ga kore tsakiyar bazara, akwai wanda ke ɗauko masa ruwa. Ka tambayi ko wane ne, da abin da ya sa, kafin ka hau kai da takalmi.