Rasuwar Chencho, Injin Yankan Ciyawar Doña Casilda

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Doña Casilda Barragán ta garin Cuernavaca a ƙasar Meziko ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu gidajen da take wa aikin lambu rasuwar injin yankan ciyawarta, Chencho. Ya cika ranar Alhamis da hantsi yana da shekara ashirin da uku, a tsakiyar filin gidan uwargida Señora Irigoyen, rabin ciyawa a yanke, rabi a tsaye.

Mijinta, marigayi Don Hilario, shi ya kawo shi gida sabo fil. Da Hilario ya rasu, masu gidaje suka ce mace ba za ta iya ba. Casilda ta ɗaure gashinta ta kama hannun Chencho, suka riƙe gida tara su biyu. Kowa ya shaide shi. Ja ɗaya ake wa igiyarsa, ya yi tari sau biyu, "kof, kof", sai ya ɗauki gurnani har a tashi aiki. Bai taɓa yi wa fili ƙwalkwabo ba, don Casilda ba ta cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa. Ba ta shigar da shi jiƙaƙƙen fili, ba ta tayar da shi sai ta zagaya ta tsince duwatsu da ƙwallon mangwaro. Wata-wata take wasa wuƙarsa, saboda dakusasshiyar wuƙa yagar ciyawa take yi, bakinta ya bushe ya yi ja.

Ciwon ajali ya faro ranar Lahadi, da surukinta Nemesio, mijin 'yarta Ofelia, ya zo aro. Sau biyu ta hana, a na uku Ofelia ta sa baki. Da yamma ya dawo da shi a wanke fes, abin da bai taɓa yi wa babur ɗinsa ba, ya ajiye a ƙofa, ya ƙi tsayawa cin abinci.

Ranar Alhamis, fitarsa ta farko tun dawowarsa, sai da ta ja igiya sau bakwai. Asabar za a yi bikin cikar jikar Señora shekara goma sha biyar a wannan fili, baƙi ɗari biyu. Casilda na turawa tana jin wata ƙara a cikinsa kamar cokali a gwangwani. Ta san ya kamata ta kashe. Ta dubi Señora a baranda, ta dubi sauran filin, ta ci gaba. A layi na goma sha ɗaya ya yi "ƙarrr, tas", ya fesa hayaƙi, ya yi shiru.

Señora ta sauko, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Casilda, gobe da la'asar masu kafa rumfa za su zo. In abin ya fi ƙarfinki ki faɗa mini yanzu. Akwai kamfani mai manyan injuna, ƙawayena ma suna ta tambayar lambarsu." Biyar daga cikin gidajen nan tara na ƙawayen ne.

Bakanike Don Cleto ya buɗe cikin marigayin ya girgiza kai. Ya ce an bugi ƙarfe da shi, sandar ciki ta lanƙwashe, an kuma kwantar da shi don wanki har baƙin mai ya tsiyaye. Casilda ta san da nata laifin, don a duk shekarun nan ranar Alhamis ɗin nan ce kaɗai sauri ya hana ta duba mai.

Ta kira Nemesio ta ce tana son ganinsa.

"Mama, ni fa lafiyarsa lau na kawo shi."

"Wa ya ce maka ba shi da lafiya?"

Sassafe ranar Juma'a ya iso da adda, bai iya haɗa ido da ita ba. Suka durƙusa, shi da adda, ita da almakashin shinge tana bin bayansa tana daidaitawa. Tafin hannunsa ya fashe, bai tsaya ba. Motar masu rumfa na shigowa suna kwashe tarin ƙarshe. Señora ta taka filin daga wannan kai zuwa wancan, ta ce Casilda ta zo Alhamis kamar kullum, amma da inji.

Marigayin ya bar adda biyu, almakashi ɗaya, manjagara mai giɓi, da wani dogon tiyo da ke yoyo a wuri uku.

Za a fitar da gawa ranar Litinin da ƙarfe goma na safe daga ƙofar gidan Casilda, inda motar mai sayen tsofaffin ƙarafa za ta tsaya. Nemesio ne zai ɗora shi, shi kaɗai, bisa roƙonsa. Za a ba masu ta'aziyya kofi da burodi a gindin gwaiba. Casilda ta roƙi kada kowa ya kawo furanni, amma duk mai inji ya taimaka ya zo da shi aro, don jiya an sha ruwan sama, ita kuwa ciyawa ba ta san an yi rasuwa ba.