Ranar da Na Sha Ruwan Fure a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ɗanɗanon ruwan nan ba, ko da tsufa ya zubar min da haƙora. Har yau in na tuna sai kunyar ta dawo sabuwa fil.

Lokacin ina amarya a Agiye, maigidana yana koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ni kuwa ina gida daga ni sai waya. A wayar nan na ga wata mata tana jera furanni cikin gilashi, tana bayani dalla-dalla: a yanke kara a karkace, a tsige ganyen ƙasa kada ya ruɓe cikin ruwa, a zuba sukari kaɗan da lemun tsami, a riƙa sauya ruwan kullum. Na ce ai ni ma ɗakina ya isa wannan gata. (Ni da na tashi a Gazawa, a gidan da ko ganyen rama ya faɗi ƙasa sai an tsince shi an kai tukunya.)

Mai sayar da fure dai babu shi a garin, sai na yi da abin da Allah ya hore. Na karyo furen zogale a bayan ɗaki, na haɗa da jajayen karan yakuwa, maigidan kuma ya tsinko min wani jan fure da ke lilo a katangar wani buro, wato ofis. Na zuba su cikin tulun gilashi na ruwan sha da ke cikin kayan ɗakina, tun da ba ni da wani. Gaskiya abin ya yi kyau. Ranar farko na bi umarnin matar tiryan-tiryan, daga nan lalaci ya shigo, sauya ruwa ya koma sai gobe. Ruwan ya yi kauri, ya yi jaja-jaja, furannin suka sunkuyar da kai.

A haka surukata, Inna, ta yi sallama daga Gidan Sori ba zato ba tsammani, zuwanta na farko gidana. Ku sani, Inna ba ta so aurenmu ba da fari. Ta so ɗanta ya auri mai riƙe hauya, ba "ƴar lakol mai latsa waya" ba. Babban burina a duniya lokacin shi ne ta koma gida ta ce ɗanta ya yi dace.

Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa ina gaishe ta kaina a ƙasa. Tana cikin amsawa idonta ya sauka kan tulun.

"Ɗiyar nan, mi kika jiƙa haka?"

A wurinmu, ganye cikin ruwa sunansa jiƙo, wato magani. Abin da ya rage min kawai in ce ado ne. Amma ta yaya zan dubi matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana jan ruwa a rijiya, in ce mata na zuba ruwa da sukari don ciyawa ta sha? Ga kuma kunyar suruka ta ɗaure min baki. Sai na ƙara sunkuyar da kai na yi shiru.

Inna ta ɗauki shirun nan yadda ranta yake so. Ta tafa hannu, fuskarta ta washe.

"Allahu akbar! Na haihuwa ne ko? Ashe kin san na gida! Ni ina can ina cewa ƴan zamani ba su son ɗiya da wuri." Har da share ƙwalla da gefen mayafi.

Tun da nake ban taɓa jin daɗin yabo irin wannan ba. Sai na ji bakina ya ce, can ƙasa-ƙasa, "I, Inna."

"To kin sha na yau?"

"Ban sha ba tukuna."

"Haba, ba a yi wa jiƙo wasa. Ɗauko kohi."

Da hannunta ta cire furannin ta ajiye gefen tabarma, ta tsiyaya min kofi cike. Wani wari irin na kwatami ya daki hancina. Na yi bisimilla, na rufe ido, na kafa kai. Ga yauƙi, ga tsami, ga wani abu mai laushi da ya wuce ban tsaya tambayar sunansa ba. (Da matar wayar nan za ta gan ni, da ta bar sana'ar.)

Inna ta tsiyaya kaɗan ita ma ta kurɓa. Ta yamutsa fuska, ta jinjina kai.

"Wanga ya jiƙu. Na ƙwarai kenan. Ki zuba min saura a gora in kai wa matar ƙanen mijinki."

Daidai nan maigidan ya dawo daga lakol. Ya tsuguna ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya hangi furannin a yashe.

"Au, kin fitar da furen adon naki? Gara dai, ruwan nan ya daɗe yana wari." Sai idonsa ya kai kan kofin da ke hannun Inna. "Tsaya... sha kuka yi?"

"Ado?" in ji Inna.

"I, Inna, na kallo ne kawai. A waya ta gani."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige na ja ta na rufe. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ɗauki buta ta fita, muna jin ta tana kurkure baki kamar ba za ta gama ba. Da ta dawo ta zauna ta dube ni.

"Ɗiyar nan, da kin ce ado ne, dariya kawai zan yi. Amma ki bar ni in yi kukan daɗi a banza?"

Maganar nan ta fi min ciwo a kan murɗawar cikin da ta biyo baya, wadda ni da ita muka raba daidai, muna jiran juna a ƙofar bayi ba mai kallon wani.

Yanzu mun shirya, har ni ce ƴar gaban goshinta. Fure ma ban bari ba, sai dai cikin tsohuwar kwalba nake sa shi, kuma kowace safiya ina sauya ruwan. Na dai koyi cewa in ka ji kunyar faɗin gaskiya, to ka shirya shanye ƙaryarka har ƙasan kofi. Ita kuwa Inna, har yau in na kawo mata ruwa, ko gaban baƙi ne, sai ta ɗaga kofin ta leƙa ciki ta ce, "Ɗiyar nan, wanga na sha ne, ko na kallo?"