Ranar da Na Kulle Rezo a Aljihun Tebur

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba da na tara dattawan ƙauyuka uku a ƙofar biro, wato ofishinmu, suka sha kallona kyauta. Zan faɗi abin daki-daki, don ko abin kunya ne ba na son a ba da shi a hargitse.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a nan Madarounfa. Karatuna bai yi nisa ba, amma a wajen tsari ban san wanda ya fi ni ba (haka dai nake faɗa wa kaina a lokacin). Ina da kaye, wato littafin rubutu, na masu zuwa latti, ina da kaye na masu fita ba izini. Ƙungiya ta ba ni ordinatar ta hannu, wato kwamfuta, kuma shekara guda cur, da na buɗe ta a biro sai ta kama rezo, wato hanyar intanet, da kanta, ba tare da na taɓa komai ba. Har wa'azi nake yi da ita. Nakan ce wa mutane, "Kun ga na'ura? Ta san lokacin aiki. Ba a tashinta, ba a roƙonta."

Mu biyu ne a biron, ni da Madam Rabi mai buga takardu. Mace ce mai shiru, aikinta tsaf, sai dai na gano mata laifi guda. Kullum da safe, da zarar na kafe babur na shigo, sai in gan ta tana latsa salula a ƙarƙashin tebur. Wata uku ina rubutawa a kaye: takwas saura biyar, takwas saura biyar, takwas daidai. Ran Talata na ga hujja ta cika. Na rubuta doka da jan bik na liƙa a bango, cewa daga gobe duk salular ma'aikaci za a kashe ta a kulle a aljihun teburina har a tashi. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu.

"Madam, doka ba a yi mata sharhi."

Larabar nan kuwa ita ce ranar ƙarshe ta aika jerin sunayen manoman da za a ba irin wake na bana. Daga Maradi an ce ƙarfe goma sha biyu ake rufewa, wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi. Tun da hantsi wakilai suka iso daga Safo da Gabi da Sarkin Yamma, wasu a amalanke, suka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi suna jiran su ji an aika.

Na karɓi salular Madam, na haɗa da tawa 'yar mai madanni (shugaba nagari da kansa yake fara bin doka), na kulle, na jefa lakile, wato makulli, a aljihu. Na buɗe ordinatar. Sai ta yi shuɗi, ta ce tana sabunta kanta, kada a kashe. Na naɗe hannu na jira ta minti arba'in. Da ta gama ta dawo da sabuwar fuska, amma a kusurwar da alamar rezo take zama, babu komai sai wani ɗan ƙwallon duniya mai kama da an yi masa rasuwa.

Ban firgita ba. Na ɗauko takarda na rubuta matakai.

Mataki na ɗaya, a kashe a kunna. Na yi. Mataki na biyu, a sake kashewa a kunna, amma da bisimilla a bayyane. Na yi. Na uku, na kashe wifi na ƙirga goma na kunna. Na huɗu, na danna wurin da na'urar take binciken ciwonta da kanta. Ta yi ta juya wani zobe, ta juya, ta juya, sannan ta sanar da ni cikin Faransanci mai kyau cewa ba ni da rezo. Na gode mata ƙwarai, don da ban sani ba.

"Mushe Sakatare," in ji Madam Rabi a hankali (Mushe shi ne Malam a Faransance), "da ka bari na..."

"Madam, ina mataki na huɗu. Tambayoyi sai ƙarshe."

Ƙarfe goma da rabi shugaban ƙungiya, Alhaji Idi, ya leƙo ta taga.

"Sakatare, an aika?"

"Ranka ya daɗe, sabuntawar nan ce ta ɓata ta. Turawan da suka ƙera ta ba su da tsari. Amma ina kai."

Mataki na biyar shi ne na fita da ita waje, wai ko ginin ne ya tare iska. Na ratsa tsakiyar dattawa, na ɗaga ordinatar sama da hannu biyu, na fuskanci gabas, na fuskanci tafkin garinmu, na juya kudu ko rezon Najeriya zai ji tausayina ya tsallako. Akwai wani tsoho daga Safo, Baba Nomau, wanda bakinsa ba ya da birki. Ya kare ido da tafin hannu yana kallona.

"Malam Sakatare, roƙon ruwa kake? Ai sai ka ce mu tashi mu yi sahu."

Aka yi dariya. Na yi kamar ban ji ba.

"Ko a jawo maka jakina ka hau? Ka ɗan ƙara tsawo."

Ban hau jaki ba, wannan ina so a rubuta. Kan amalanke na hau. Jakin kuwa ya ga an ɗora kaya, ya ɗauka tafiya ta zo, ya taka sau uku. Yadda na sauko ba ya cikin labarin nan.

Na koma ciki da ƙura a gwiwa, sha ɗaya da kwata. Mataki na shida, a cire sabuntawar gaba ɗaya a koma gidan jiya. Na'urar ta ce hakan zai ɗauki lokaci, ba ta faɗi nawa ba, sai na fasa dannawa. A nan gumi ya fara sauko mini ta ƙeya, domin na hango mutum ɗari da wani abu ba iri, kuma kowannensu ya san ƙofar gidana.

Alhaji Idi ya shigo da kansa, dattawa suka biyo shi suka cika ƙofa da taga. Ya kira wani mai gyaran ordinatar a Maradi da salularsa, ya buɗe murya kowa na ji. Na karanta wa mutumin matakaina shida, ɗaya bayan ɗaya, da alfahari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To madalla. Akwatin wifi ɗinku fitilarsa tana ci?"

"Wane akwati?"

"Wanda ke ba ku rezo mana."

Na duba ƙarƙashin tebur. Na duba bayan kabad. Na dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Ni dai tun da aka kafa ƙungiyar ga ban taɓa sa hannu an sayi wani akwati ba."

Mai gyara ya ce, "To shekara guda da mi kuke kamawa? Da albarka?"

Sai Madam Rabi ta ɗaga yatsa kamar 'yar makaranta.

"Mushe, an zo wajen tambayoyin?"

Na ce ta yi magana.

"Salulata ce. Ranar da aka kawo ordinatar na haɗa ta da rezon salulata don a gwada. Na so in yi maka bayani, ka ce ba a koya maka aikinka. To tun ran nan, in na ji ƙarar babur ɗinka sai in kunna maka."

Takwas saura biyar. Takwas saura biyar. Takwas daidai. Wata uku ina rubuta lokacin da baiwar Allah take yi mini alheri, da jan bik, a shafin masu laifi.

Baba Nomau ya turo kai ta taga. "To ina salular take, ɗiyata?"

Ta dubi aljihun teburina kawai, kowa ya bi idonta.

Ban san lakile yana da nauyi ba sai ran nan. Na gwada na kabad, na gwada na babur, na uku ya buɗe. Na miƙa mata salular da hannu biyu, yadda ake miƙa wa suruki goro. Ta kunna, ta latsa sau biyu. Ordinatar da na zaga da ita gabas da kudu ta kama rezo nan take, har da 'yar ƙara ta murna. A kusurwa sunan rezon ya fito ɓaro-ɓaro: Maman Hassana, sunan da ake kiran Madam da shi a gida. Shekara guda yana wurin, ban taɓa kai ido ba.

Jerin sunaye ya tafi sha biyu saura minti tara. Dattawa suka yi hamdala, suka bi layi suna yi wa Madam godiya. Ni kuma Baba Nomau ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma sannu da hawa amalanke."

Da la'asar na ba ta haƙuri. Na tsara abin da zan faɗa kashi uku, amma na tsaya a na farko, don ta fara dariya ta kasa tsayawa.

Darasin da na ɗauka shi ne, duk abin da ka ga yana yin kansa da kansa, duba da kyau, akwai wanda ka hana magana a kusa da shi. Da na koma gida na tarar da butar alwalata cike a inda take kullum, shekara goma sha tara ke nan. Na tsaya na dube ta, na je har ƙofar madafa na ce wa mai ɗakina na gode da ruwa. Ta ajiye muciya, ta taɓa goshina da bayan hannu, ta ce, "Malam, ko zazzaɓin ne ya dawo?"