Yadda Za Ka Yi Fice a Ƙungiyar Sahu Ɗaya Ko da Kifi a Jakarka

Hauke na bin aji tebur-tebur yana shinshina kamar karen 'yan sanda. Saura layi biyu ya iso kanka, kai kuma ka san daga jakarka warin nan yake tashi. Kada ka gudu. Ni Malte, golan ƙwallon hannu na ajinmu, na faɗa wannan ramin na fito, kuma na yi maka alkawari: bi matakan nan shida, ba mai taɓa maka gurbinka a raga.

In ba ka san zancen ba, Malam Brodersen mai koyar da tarihi ne ya ƙirƙiro Sahu Ɗaya, wai gwajin mako guda don mu ga yadda jama'a ke bin taro ido rufe. Yau mako uku ke nan. Kowa suwaita ruwan toka, gaisuwa a ƙwanƙwasa tebur sau biyu, abincin hutu baƙin burodi da cuku kawai. Hauke shi ne kyaftin ɗinmu, ya kuma rantse duk wanda ya karya doka ba zai buga wasan ƙarshe na ranar Juma'a ba.

1. Riga kowa ihu

Miƙe zumbur, ƙwanƙwasa tebur, ka toshe hanci.

"Wani ya ci amanar sahu!" Haka na ce.

Hauke ya juyo. "Kai ma ka ji, Malte?"

"Ji? Duba idona, har ruwa yake yi."

Albasar da ke cikin abincina ce, amma shi ya ɗauka kishi ne. Ka riƙe wannan: ba a bincikar jakar wanda ya fi kowa fushi, aƙalla na minti biyu.

2. Kada ka ɓata lokaci a kan Kaka

Za ka ce ai da an gyara matsalar tun daga gida. Na gwada da safen ranar.

"Kaka, cuku aka ce."

"Wa ya ce?"

"Ƙungiya."

"Ƙungiyar ce ta yi renonka?" Ta danna kifinta mai tsami a burodi, ta zuba albasa. "Babana ma ya taɓa shiga wata mai riga iri ɗaya. Har ya mutu ba ya son a tuna masa. Ɗauki abincinka, ɗan nema, za ka makara."

Tsofaffi ba su fahimci zamani ba. Karɓi robar ka fita.

3. Nemi wanda ba shi da abin asara

Kowane aji akwai guda. Namu Wiebke ce, ƙawata tun firamare, mai jar jaket, wadda ta ƙi shiga tun ranar farko aka daina yi mata magana. Bayana take zama. Na tura mata robar da dunduniya.

Ta buɗe, ta gatsa, tana kallon Hauke cikin ido.

"Ke ce ashe," in ji shi.

"Ni ce. Za ka ɗanɗana, ko sai ka nemi izini?"

Da ya wuce yana huci, ta matso kunnena. "Kifin kakarka ya fi ka zuciya. Ladana ɗaya: ka gaishe ni a fili, gaban kowa."

Ka ce to. Alkawarin da aka yi wa wadda ba a kulawa ba shi da shaida.

4. Kawo sabuwar doka

Tsira ta kwana ɗaya ba tsira ba ce, gobe ma Kaka na nan. Mai kafa doka ne kaɗai ba a buɗe wa jaka. Sai na kawo shawarar duk kekunan da ke rumfa su fuskanci teku, kuma duk mai son saɓa wa sahu a wani abu ya cike takardar neman izini, iyaye su sa hannu.

Aka ƙwanƙwasa tebur har alli ya faɗo. Ka san mutanenmu: miƙa wa mutum takarda mai layi-layi, zai cike kafin ya tambayi ta mece ce. Kafin Laraba har mai neman izinin yin atishawa an samu.

Malam Brodersen ya cire tabarau ya murza ido. "Yara, anya abin nan bai isa haka ba?"

Hauke ya ce, "Malam, ka cike takardar?"

Wallahi sai da ya cike. Ya ma tambaye ni inda ake sa kwanan wata.

5. Karɓi muƙami kamar ba ka so

Za su naɗa ka Jagoran Sahu. Sunkuyar da kai, ka ce ba ka cancanta ba, sau biyu kawai, kada su yarda. Bari su buga sunanka a saman kowace takarda da manyan baƙaƙe. Daga ranar nake cin kifina a ɗakin ajiye ƙwallaye, ina ce musu taron sirri nake.

6. Koyi ɗaure takalmi

Ranar Alhamis a fili, ga jar jaket tana nufo ni, ga suwaita talatin suna kallo.

"Ranka ya daɗe, Jagora, ina gaisuwata?"

Na durƙusa na kama igiyar takalmi. Na kwance, na ɗaure, na sake kwancewa.

"Ɗaure da kyau, kada ka faɗi," in ji ta. "Af, na kai wa mamata takardar taka ta sa hannu. Ta ji daɗinta sosai, har ta ce za ta nuna wa wasu."

Ka ga? Har iyaye sun fara yabawa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa ƙawa, ko ya ji abu na cizonsa a ƙirji, ko kakarsa ta daina kallonsa in yana magana, wannan tsakaninsa da su. Ni shawara na bayar, ban sa hannu a takardar kowa ba. Gobe Juma'a ƙarfe biyu ina cikin raga, abin da na yi alkawari ke nan.

Ina rubuta layin nan ƙofar aji ta buɗe. Wata mata ce doguwa da ba mu taɓa gani ba, rigar ruwanta na ɗiga, takardata a hannunta cikin leda. Ta ce daga ofishin ilimi take. Malam Brodersen ya zauna a kujerarsa a hankali.

"Wane ne Jagoran Sahu?"

Hannu talatin suka ɗago lokaci guda, ba wanda ya riga wani, duk suna nuna ni.

"Madalla," in ji ta, ta buɗe ɗan littafinta. "Ofishin shugaban makaranta, kai da wani babba daga gidanku. Gobe, ƙarfe biyu."

Daga bayana Wiebke ta ce, "Ka zo da Kaka."